Cin Yaƙi da Baki da Kunne a Hearts of Iron IV: Jagora Mataki-Mataki

Tun daren Asabar ɗin da na ɗauki Jamus a wasan kwamfutar nan na Yaƙin Duniya na Biyu na sa Tarayyar Sobiyet ta miƙa wuya alhali tankokina ba su ko hango duwatsun Ural ba, ban huta da tambaya ba. Samarin da muke bugawa tare, na Agege da na Idi-Araba da wani ƙanenmu mai sayar da albasa a Mile 12, kowa ya ganni sai ya ce, "Yaya, don Allah wane irin tanka ka ƙera?" Ba tanka ba ne. Tankokina irin na kowa ne. Aikin tun 1939 aka ƙulla shi, da 'yan leƙen asiri 2 da takardar yarjejeniya guda. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Wasan ba ya jin Hausa, don haka zan kira abubuwa da sunan da muke kiransu a hirarmu, in kuma nuna maka inda suke a allo.

Kayan da za ka tanada

Wasan na kamfanin Paradox ne na ƙasar Suwidin, ya fito a 2016. Diflomasiyya tana cikin asalin wasan, amma hukumar leƙen asiri ta zo ne da ƙarin da ake kira La Résistance, wanda ya fito a Fabrairun 2020. Idan ba ka ga maɓallin hukumar ba, duba ko kana da ƙarin nan, ko kuma ba ka kunna shi ba kafin ka shiga. Kada ka saya da gaggawa. Steam, shagon intanet da ake sayen wasan, na karya farashi a tsakiyar shekara da kuma Disamba.

Idan laftof ɗin tokumbo za ka ɗauko a Computer Village, kada mai shago ya ruɗe ka da girman allo. Wasan nan ƙwaƙwalwar kwamfuta yake ci, musamman daga 1942, lokacin da duniya ta cika da sojoji agogo ya fara jan ƙafa. Nemi RAM 8 zuwa sama, ka haɗa da maus, domin shafa fatar laftof ba zai kai ka ko'ina ba. Sannan ka saita wasan ya riƙa adana kansa duk wata. Wanda NEPA ta taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar tsallaka kogi ya san dalili.

1. Zaɓi abokin gaba guda kafin ka saki agogo

Wasan yana buɗewa a tsaye, ranar 1 ga Janairu 1936. Kada ka taɓa agogon tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta amsa uku: wa zan yaƙa, a wace shekara, kuma wa zai tsaya masa. Duk abin da za ka kashe nan gaba, na siyasa da na leƙen asiri, a kan amsar nan zai tafi.

Danna ƙasar da maɓallin dama na maus, shafinta zai buɗe. Duba aƙidarta, ƙawancen da take ciki, da ko wata babbar ƙasa ta riga ta ba ta lamuni, wato alkawarin shiga yaƙi don kare ta. Wasu ƙasashen tun ranar farko suna da mai tsaya musu.

Gargaɗi: taura biyu ba ta taunuwa. Sababbin 'yan wasa sukan tura jami'in leƙen asiri ɗaya Faransa, ɗaya Ingila, su shiga lallashin Turkiyya, su kuma ɗaga wa Polan yatsa, duk a shekara guda. Ranar da yaƙi ya ɓarke babu inda aikinsu ya nuna.

2. Yi kasafin makin siyasa

Makin siyasa, wanda muke kira PP, yana saman allo ta hagu, kusa da tuta. Asalin abin da ke shigowa 2 ne a rana, manufar ƙasa da kake bi, wato shirin da ka zaɓa wa gwamnatinka daga jerin da wasan ke ba ka, tana cinye 1, kuma yawancin manufofin kwana 70 suke ɗauka. Mashawarci guda 150 ne. Ka ga kenan kuɗin ba su da yawa, kamar cinikin ranar ruwan sama.

Idan ƙasarka tana da mashawarcin da ke ƙara PP da kashi 15 cikin 100, shi za ka fara ɗauka. Bayansa sai dokokin tattalin arziki. Sai abin da ya rage ya tafi ga diflomasiyya.

Gyara dangantaka da wata ƙasa yana cin 10 a take, sannan ya riƙa gutsurar kaɗan kullum, kuma ya fi tsada in aƙidarku ba ɗaya ba. Yi shi ne kawai in akwai takamaiman abin da kake nema: izinin wucewa da soja, tashar jirgin ruwa, ko yarjejeniya. Kafin ka kashe ko sisi, ɗora maus a kan buƙatar, wasan zai jera maka dalilan da suke sa su yarda da waɗanda suke sa su ƙi, kowanne da lambarsa. In giɓin kaɗan ne, lallashi zai cike shi. In ka ga ƙin ya kai ɗaruruwa, ko ka kai musu goron duniya ba za su yarda ba. Bar su.

3. Sa ido kan zafin duniya

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a nan.

A saman allo ta dama, kusa da kwanan wata, akwai hoton duniya da kaso a jikinsa. Shi muke kira zafin duniya. Duk wanda ya ƙirƙiri hujjar yaƙi (dalilin da wasan ke nema kafin ka far wa wata ƙasa), ya ƙaddamar da yaƙi, ko ya haɗiye wata ƙasa, yana ƙara masa wuta. Ƙasashen dimokuraɗiyya hannunsu a ɗaure yake sai zafin ya kai wani mizani: a kashi 25 suna iya ba wata ƙasa lamuni, a kashi 50 su aika 'yan sa-kai da aron makamai, a kashi 80 su shiga ƙawance. Masu mulkin fasisanci ba su jiran kowa.

Lambar da za ka haddace ita ce 25. Ƙasa da ita, in ka far wa ƙaramar ƙasar da ba ta da mai tsaya mata, daga kai sai ita. Da zarar an haura, Ingila da Faransa sun samu baki.

Ni ma a nan na sha kashi. Ina riƙe da Italiya, na gama da Habasha, na tsaya gyara jiragen ruwa ina jan jiki. Kafin in fara ƙirƙirar hujja a kan Girka, Japan ta auka wa Sin, zafi ya tashi. Hujjata saura 'yan kwanaki ta nuna sai ga lamunin Ingila a kan Girka. Da na ja da baya PP kawai na yi asara. Girman kai ya sa na danna yaƙi. Cikin wata 4 jiragen ruwan Ingila sun raba ni da Libiya, mai ya ƙare, ina zaune a ɗakina a Agege ƙarfe 2 na dare ina kallon taswira kamar wanda aka yi wa sata.

Yadda ake yi:

Na farko, ka fara hujjar yaƙi da wuri in ƙananan ƙasashe kake hari, tun zafin bai yi nisa ba. Ka tuna hujjar kanta tana ƙara zafi, wasan kuma yana nuna maka nawa za ta ƙara kafin ka danna. Haɗa lissafin: in jimlar za ta haura 25, ka san da wa za ka kwana.

Na biyu, ranar da hujja ta nuna, sake buɗe shafin ƙasar ka duba lamuni kafin ka ƙaddamar. Daƙiƙa 5 ce.

Na uku, hujjar da ka ƙirƙira da hannunka ba ta dawwama, tana da wa'adi. Kada ka fara ta sojojinka ba su kan iyaka.

In kuwa dimokuraɗiyya kake riƙe da ita, sai ka juya lissafin: lamuni makaminka ne, amma kowanne ya fi na bayansa tsada, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kada ka tsaya wa ƙasar da ba ka da hanyar kai mata soja.

4. Ci riba a yaƙin wasu

Yaƙin basasar Sifen yana tashi a 1936. In kana da runduna 30 zuwa sama kuma aƙidarka ta ba ka dama, aika 'yan sa-kai. Ba don ka ceci Sifen ba, sai don janar ɗinka ya goge, ka kuma tara gogewar soja da za ka gyara tsarin rundunoninka da ita. Ka juya su da hannunka, kada ka bar wa kwamfuta, za ta cusa su cikin duwatsu su narke.

In ba ka da rundunonin, tura jami'in soja mai sa ido wurin ƙasar da ke yaƙi. Yana cin PP 100, yana kawo gogewa, yana kuma ɗaga goyon bayan yaƙi a gida. Sin ta fi dacewa da wannan daga 1937, tun da yaƙinta da Japan ba ya ƙarewa da wuri.

Kasuwanci ma diflomasiyya ne. Masana'antar farar hula 1 tana sayo maka ma'adini 8, ƙarfe ko roba ko mai. Amma masana'antar tana komawa hannun wanda ka saya a wurinsa, ya yi gini da ita. Duba wa kake ciyarwa. Sayi a wurin aboki, ko wurin wanda ba ruwansa, kuma ta hanyar da jiragen ƙarƙashin ruwa ba za su yanke ba.

5. Buɗe hukumar leƙen asiri

Maɓallinta yana jerin sama, tsakanin na yanke shawara da na bincike. Buɗe ta yana riƙe masana'antun farar hula 5 na kwana 30. Kowane gyara da za ka ƙara mata shi ma kwana 30 ne, da masana'antu 5 ko fiye, kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi.

Yaushe? Babbar ƙasa irin Jamus ko Sobiyet ko Ingila tana iya buɗewa a 1936 ko farkon 1937 ba ta ji a jikinta ba. Ƙaramar ƙasa mai masana'antu 10 da 'yan kai kuwa, in ta ba da 5 ta tsayar da rabin gininta. Ita gara ta jira. Akwai ƙasashen da a ganina ko buɗewa bai kamata su yi ba, sai dai in tsaron gida ya tilasta.

Burinka na farko shi ne jami'i na biyu, domin manyan ayyuka ba su yiwuwa da mutum ɗaya. Hanya biyu ce: gyara 5 a hukumar yana buɗe gurbi, akwai kuma mashawarcin leƙen asiri na PP 150 da ke ƙara wani. In kana cikin ƙawance, nemi kujerar shugaban leƙen asirinsa da PP 50 kafin wani ya riga ka, tana kawo ƙarin gurabe.

Jerin gyaran da nake bi: sashen zaurance, mai warware saƙonnin sirri na abokin gaba, da farko, sai leƙen sojan ƙasa, sai tsaron gida mataki ɗaya, sai abin da ke ƙara saurin warware zaurance. Na biyar ka zaɓi mai araha don cike ƙidaya.

Gargaɗi: gyare-gyaren nan suna da daɗin dannawa. Na ga wanda ya cika hukumarsa fal a 1939, ga kyau kamar shagon Ikeja, amma masana'antun makamansa rabin na maƙwabcinsa.

6. Ɗauki jami'i, ka shimfiɗa raga

Bayan buɗe hukuma za ka jira kwana 30 kafin a kawo maka mutanen da za ka zaɓa. Karanta halayensu. Mai wuyar kamuwa da mai iya kutse sun fi amfani a waje. Mai iya tatsar bayani a gida ya dace. Ɗan asalin ƙasar da kake hari ya fi baƙo aiki a cikinta, kamar yadda ɗan Mushin ya fi ka sanin lungunan Mushin. Akwai gyaran da ke ba ka damar ɗaukar 'yan ƙasar da ragarka take ciki.

Danna jami'in, zaɓi aikin shimfiɗa raga, wato tara masu kawo masa rahoto a ɓoye, ka ajiye shi a wata jiha. Ragar tana bazuwa daga nan zuwa maƙwabta, ƙarfinta yana hawa har zuwa kashi 100. Wurin ajiyewa ya danganta da buƙata. In manyan ayyuka kake so, kusa da babban birni da manyan garuruwa. In yaƙi ya kusa, matsar da shi bakin daga, domin raga mai ƙarfi tana rage wa abokin gaba amfanin ramukan da ya haƙa da shirin da ya tsara a jihohin da ta rufe. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Gargaɗi: ka ɗauke jami'i, raga ta fara zubewa. In ƙarfin ya kai inda kake so kuma ba ka shirya ba, mai da shi aikin kwantar da raga: tana nan, shi kuma ba ya cikin haɗari sosai.

7. Manyan ayyuka

Ga wanda ya ci mini Sobiyet: shirya gwamnatin 'yan amshin shata. Yana buƙatar raga mai ƙarfin kashi 50, jami'ai 2, kayan yaƙi kaɗan da masana'antun farar hula na tsawon lokacin shiri, sannan aikin kansa ya ɗauki watanni. Amfaninsa biyu. Yana rage yawan garuruwan da sai ka kama kafin ƙasar ta miƙa wuya. Bayan ta faɗi kuma, jama'arta suna farawa da biyayya, ka samu masana'antu da ma'adinai da wuri, tawaye ya yi sauƙi. Ana maimaita shi, kowane zagaye yana ƙara kaso, farashi ma yana hawa. Ƙasashen dimokuraɗiyya ba su da wannan aikin.

Lissafin lokaci shi ne komai. In Yunin 1941 kake son shiga Sobiyet, fara zagayen farko a 1939. Da jami'an sun dawo, raga ta riga ta yi rauni, sai ka sake gina ta zuwa 50 kafin zagaye na biyu. Wannan jiran ne mutane ke mantawa da shi a kasafinsu. Jami'i na uku da zai zauna riƙe da raga yana rage shi ƙwarai.

Kada ka ɓata shi a kan ƙasar da za ta faɗi cikin mako 3. Na ƙasashe masu faɗi ne, inda tafiya ke kashe soja fiye da harsashi: Sobiyet, Sin.

Kutse cikin gwamnati, ko soja, ko rundunar ruwa ko ta sama, yana ƙara maka gani a wannan fannin, kuma shi ne ƙofar satar zanen fasaha. Satar tana da riba in kana bayan wanda kake sata a ilmi. In kai ne gaba, me za ka ɗauko?

Juyin mulki da yaɗa aƙida suna da daɗin labari, amma suna cin shekaru. Ni na daina.

8. Warware zaurance, ka ɓoye shi

Kowace ƙasa tana da zaurancen da sojojinta ke magana da shi. Da ka kafa sashen, zaɓi ƙasar, ƙidaya ta fara. In ka zaɓi ƙasa 3 a lokaci guda, ƙarfin ya rabu uku. Guda ɗaya, wadda ka rubuta a takarda.

Idan ya warware, kada ka danna. Barinsa a ajiye ma yana ba ka ɗan ƙarin gani. Ranar da ka fasa shi, sojojinka suna samun gagarumin fifiko a kan wannan ƙasar na kwana 30 kacal, daga nan su canza zaurance ka koma farko. A yaƙin gaske, Turawan Ingila a cibiyarsu ta Bletchley Park haka suka riƙa kaffa-kaffa da sirrin Enigma, na'urar zaurancen Jamus da suka warware, don kada Jamus ta farga. Fasa shi ranar babban hari: tsallaka teku, ko fasa layin da ya gagara. Sojoji su gama shiri, mai ya cika, jirage su hau sama, sannan ka danna, ka saki hari a ranar.

Ƙanen nan namu na Mile 12 ya taɓa fasa nasa don ya ga me zai faru. Kwana 30 suka ƙare sojojinsa suna cikin jirgin ƙasa.

9. Rufe ƙofar gida

Ajiye jami'i ɗaya a babban birninka kan aikin farautar 'yan leƙen asiri, musamman in da mutane kake bugawa. Wanda ka kama yana zubo bayanin ƙasarsa. Naka ma in aka kama shi haka zai yi, don haka ka shirya aikin kuɓutar da shi da wuri. Dokar kasuwanci a buɗe tana fallasa tattalin arzikinka ga kowa. Ka san da haka kafin ka zaɓe ta. A ƙasashen da ka mamaye kuma, jami'i guda kan aikin murƙushe 'yan tawaye yana rage asarar masu gadi.

10. Ƙawance da yarjejeniyar kada a taɓa juna

Yarjejeniyar kada a taɓa juna lokaci take saya maka, ba aminci ba. Mai riƙe da Jamus yana samun ta da Sobiyet ta manufar Molotov da Ribbentrop, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, yarjejeniyar da a tarihi aka sa wa hannu ranar 23 ga Agusta 1939. In Polan ta faɗi, miƙa musu gabashinta kamar yadda aka yi alkawari. Na san yana da ciwo. Amma da wannan takardar ce gabas ta yi shiru har na gama da yamma, 'yan leƙen asirina kuma suna Mosko suna aikinsu.

Shiga ƙawance kuwa, ka jinkirta iyakar iyawarka in kai ƙarami ne. Ka shiga, abokan gabarsu sun zama naka. In kai ne shugaba, ba kowa ake kira yaƙi ba. Abokin da bai shiga ba iyakarsa katanga ce gare ka, kuma yana ci gaba da sayar maka da kaya. Ka kira shi, ka buɗe sabuwar gaɓar teku da sai ka tsare. Duk wanda ya taɓa riƙe Jamus ya ga yadda Italiya ke jawo masa aiki.

11. In da mutane kake bugawa

Kwamfuta tana bin lamba, mutum kuwa yana bin zuciya, don haka rabin diflomasiyyar ta koma waya. Kafin a fara, ku amince da dokoki a rubuce: shekarar da aka halatta yaƙi, ko an yarda da juyin mulki, sau nawa za a iya shirya 'yan amshin shata, da abin da za a yi in wutar wani ta ɗauke ko datarsa ta ƙare. Mu dokarmu minti 10 ce: a tsayar da agogo ya tada janareto ko ya koma hotspot, in bai dawo ba kwamfuta ta riƙe masa.

Alkawarin da za ka yi, sa masa wa'adi. "Alhaji, ba zan taɓa ka ba har Janairun 1941" ya fi "ba zan taɓa ka ba" daraja, domin kowa ya san na biyun ƙarya ne, na farkon kuma ana iya cika shi. Wanda ya karya alkawari mai wa'adi, mako mai zuwa ba mai sauraronsa, kuma ku ɗin dai ne za ku haɗu a masallacin Juma'a.

Kada ka aika hoton allonka a rukunin WhatsApp ana tsakiyar wasa. Wani abokinmu ya turo don ya nuna mana sabon jirginsa, a gefen hoton ga adadin mansa, saura na kwana 40. Wanda ke riƙe da Ingila bai ce uffan ba, ya dai tura jiragen ƙarƙashin ruwa hanyar da man ke biyowa.